Mindar Mazan Jiya: Yadda Ake Karanta Ta da Adana Ta

Ba abin mamaki ba ne ɗalibi a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ya buɗe tsohuwar adakar kakarsa ya tarar da wani ɗan ƙarfe mai kusurwa shida, rataye da ƙyalle mai ratsin ja da shuɗi da ruwan lemo. Wannan ita ce mindar Bama, wato lambar yabon da aka ba sojojin da suka yi yaƙi a ƙasar Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Ingila akwai masu tara irin waɗannan lambobi, har da na mayaƙan ruwa, suna bin diddigin masu su. A nan kuwa sau da yawa a hannun 'yan gwangwan suke ƙarewa, a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba.

Matakin farko shi ne duban gefen mindar da gilashin ƙara girma. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, suna ɗauke da lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa. Haka ma wata ta azurfa da ta girme su, mai ɗan maƙalli da ke nuna Arewacin Nijeriya da shekarar 1903. Masu ita su ne dakarun da suka ci Kano da Sakkwato a wannan shekara, saboda haka tarihinta mai ɗaci ne ga Bakano, amma shaida ce. Lambar sojan ta fi sunan amfani, domin magatakardan Turawa sukan rubuta mutum da sunan garinsu kawai, kuma Audu Kano ba ɗaya ba ne a bataliya. Da ita ake neman mutum a rajistar lambobin yabo da ke ma'adanar tarihi ta Kew a Landan.

Mindar Bama ta fi wahala, don Ingila ba ta buga suna a kanta ba. Sai an haɗa da littafin sallama, da hoto, da bakin tsofaffin gida. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta tafi Indiya ta jirgin ruwa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin Kaladan. Ta 82 ta bi ta a 1944. Su biyun suka haɗu wajen kama Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa wani barikin soja a Legas yake amsa wannan suna. Idan tsohuwa ta tuna shekarar da mijinta ya tafi, an kusa gane rundunarsa. Wanda bai dawo ba kuwa, ana iya neman sunansa a rajistar Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel, wadda ke kan intanet.

Sai batun adanawa, inda aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Baƙin da azurfa take yi ba dauɗa ba ce. Sinadarin farar wuta da ke cikin iska ne ya haɗu da fatar ƙarfen. Tauraron Bama kuma gamin jan ƙarfe ne da tutiya, shi ya sa laima da gishirin zufa suke sa masa tsanwa. Duk wanda ya dirje minda da toka ko yashi, ƙarfen yake kankarewa, kuma haruffan gefe su ne farkon tafiya. Ƙyallen ya fi ƙarfen rauni: da damina fumfuna takan kama shi, asu da kyankyasai su ci zarensa, hasken rana ya kashe launinsa.

Abin da ya dace shi ne a riƙe ta da tsumma mai tsabta, a share ƙura da tattausan buroshi, a naɗe ta a farin yadin auduga, a ajiye a busasshen wuri, ba cikin leda ba. Malamin tarihi da na kimiyya suna iya haɗa ɗalibai su zana kowace minda, su auna faɗinta da nauyinta, su rubuta abin da masu gida suka faɗa da ranar da aka faɗe shi, sannan a mayar wa iyalin kayansu tare da kofen bayanin.