Sani Kaita, Ɗan Wasan Tsakiya

Wata rana na je duba makarantar Gidan Katta, can wajen Illela, kusa da iyakar ƙasarmu da Nijar. Da aka tashi, sai yara suka fito da tamaularsu, suka kasu biyu. Nan da nan gardama ta kaure, don kowa so ya ke a sa shi gaba, ya zama shi ne mai jefa ƙwallo a raga. Da ƙyar aka sami mai tsaron gida. Tsakiyar fili kuwa ba wanda ya ko dube ta. Abin da ya sa ke nan na ce bari in ba ku labarin wani mutumin Kano, wanda a tsakiyar filin nan ya yi suna.

Kun sani dai kowane ɓangare mutum 11 ne. Akwai mai tsaron gida, da 'yan baya, da 'yan gaba. Tsakanin 'yan baya da 'yan gaba kuwa sai 'yan tsakiya. Aikinsu kamar na masu jakunan nan ne da ke kai kaya tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni: su ɗauko nan, su sauke can, su komo. In abokan gaba sun taso da ƙwallo, ɗan tsakiya ne zai fara tare su ya ƙwace, sa'an nan ya miƙa wa na gaba. Gudun da ya ke yi ya fi na kowa, amma ba safai a kan yi masa tafi ba.

An haifi Sani Kaita a Kano cikin 1986. Ya yi wa ƙungiyar Kano Pillars wasa, wadda masoyanta ke yi wa kirari da "Sai masu gida". A 2005 Samson Siasia ya zaɓe shi cikin samarin Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 20 da suka tafi gasar duniya a ƙasar Holan. Suka kai har wasan ƙarshe, inda Ajantina ta ci su 2 da 1. Wani yaro wai shi Lionel Messi ne ya ci duka biyun, da bugun fenareti. Mutanen Holan suka ga aikin Sani, ƙungiyar Sparta ta birnin Rotterdam ta ɗauke shi. A 2008 kuma ya je wasannin Olimfik a birnin Beijing na ƙasar Sin. Nan ma sai da suka kai wasan ƙarshe, nan ma Ajantina ce ta tare su, da ci 1 ba ko ɗaya. Ya komo da lambar azurfa. Sa'an nan Monaco ta saye shi, ta riƙa ba da aronsa ga ƙungiyoyin Rasha.

To, sai shekarar 2010 ta zo, aka kawo gasar cin kofin duniya Afirka ta Kudu. Wannan shi ne karo na farko da aka yi ta a nahiyarmu. Nijeriya ta sha kashi a wasanta na fari, a hannun Ajantina har wa yau. Saboda haka wasa na biyu, wanda aka yi da ƙasar Girka ran 17 ga watan Yuni a garin Bloemfontein, ya zama tilas a ci shi. Al'amari kuwa ya fara da kyau. A minti na 16 Kalu Uche ya buga bugun tazara, ƙwallo ya wuce kowa ya faɗa raga. Girkawa suka rasa inda za su bi.

Ana cikin haka, wajen minti na 33, ƙwallo ya fita waje. Wani Bagirke mai suna Torosidis ya ɗauka, ya tunkuɗo wa Sani shi a ƙirji. Zuciya ta ɗebi Sani, ya ɗaga ƙafa ya kai masa shuri a cinya. Shurin dai ba wani mai ƙarfi ba ne, ni a ganina Bagirken ya ƙara gishiri da ya faɗi yana birgima. Amma dokar wasa ba ta auna ƙarfin shuri. Alƙalin wasa ya zaro jan kati. Sani ya ja rigarsa ya rufe fuska, ya fita.

A nan ne fa kowa ya ga amfanin ɗan tsakiya. Mutum ɗaya tak ya fita, amma sai ka ce an buɗe ƙofar gari. Ba mai tare Girkawa kafin su iso ga 'yan baya, ba kuma mai kai wa 'yan gaba ƙwallo. Mai tsaron gida, Vincent Enyeama, ya yi ta kaɗe hari bayan hari, har abin ya fi ƙarfinsa. Kafin a tafi hutu Girkawa suka rama. A minti na 71 suka ƙara na biyu, wanda ya ci shi kuwa shi ne Torosidis ɗin nan. Kafin ran nan Girka ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a gasar kofin duniya ba.

Sani ya fito ya roƙi 'yan ƙasa gafara. Waɗansu suka yafe, waɗansu kuwa har saƙon barazanar kisa suka aika masa, abin da ba ya kyautu ko kusa a kan wasa. An hana shi buga wasa na uku, wanda aka yi kunnen doki da Koriya ta Kudu, 2 da 2, aka fitar da Nijeriya.

Bai jefar da takalmansa ba. Ya ci gaba da neman abincinsa a ƙasashen Turai, daga baya kuma ya yi wa Enyimba ta garin Aba wasa. Cikin ƙungiyoyin da suka karɓe shi har da Iraklis, a 2011. Ita wannan kuwa a ƙasar Girka ta ke.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin ɗan wasan tsakiya?
2. Sau nawa Ajantina ta ci Nijeriya cikin labarin nan?
3. Me ya faru a fili bayan fitar Sani Kaita?