Yadda Ake Sake Duba Kwas a Kwalejin Ilimi

Manhajar da ake koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ginshiƙinta daga Abuja yake zuwa, daga Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989. Ita ke fitar da littafin da ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da dole a koyar a kowane kwas, ta sabunta shi a 2012, ta sake a 2020. A Birnin Kebbi, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru tana bin tata hukumar, NBTE, Jami'ar Tarayya kuwa hukumar jami'o'i, NUC, wadda tsarinta na 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta cike da abin da ya dace da yankinta.

Ainihin aikin a sashe ake yin sa. Shugaban sashe ya tara malamansa, a baje takardu a tebur: jadawalin kwas, sakamakon jarrabawar zangunan baya, rahoton malamin waje da ke duba tambayoyi da maki, sai kuma abin da masu sa ido suka gani a firamare lokacin da ɗalibai suka fita koyarwar gwaji. Wannan na ƙarshe ya fi sauran faɗin gaskiya, domin a gaban yara ake gane wanda ya iya da wanda ya haddace.

A ɗauki kwas ɗin noman amfanin gona a sashen aikin gona. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, noman rani a fadamar Rima ya sauya fuska. Kwas ɗin da bai taɓo injin ban ruwa, da zaɓen iri, da danshin shinkafa kafin a kai ta casa ba, ɗan manomin da ke zaune a ajin ya riga malaminsa sani. Sashe zai iya ƙara irin waɗannan, ya sauya littattafai da aikin fili. Sunan kwas da nauyinsa kuwa, sai hukumar Abuja.

Shawarar sashe takan wuce zuwa tsangaya, daga nan ta isa majalisar harkokin karatu da shugaban kwaleji ke jagoranta. Can ake duba ko kwas biyu na maimaita juna, da ko akwai malamin da zai koyar da sabon abin.

Daga baya tawagar tantancewa daga hukumar Abuja takan zo, ta ƙirga malamai, ta leƙa ɗakin karatu da gonar gwaji, ta buɗe takardun jarrabawa. Sakamakon ko cikakkiyar amincewa, ko ta wucin gadi, ko ƙi, wanda ke dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. Kwas ɗin da aka gyara yakan fara aiki ne da 'yan aji ɗaya, na gaba da su kuma su ƙarasa da tsohon tsari.