Amsoshin Tambayoyinku: Yaya ake bambanta tsaka da tsaka?

Wani mai sauraronmu daga Bena, masarautar Zuru, yana tambaya: shin duk tsaka iri ɗaya ce?

To Malam, ba ɗaya ba ce, kuma a yatsun ƙafa ake gane su. Tsakar ɗaki, wadda masana ke kira Hemidactylus, kowane yatsanta yana da farce. Wata tsakar kuwa, wadda ake kira Tarentola, yatsu biyu kaɗai ke da farce bayyananne a kowace ƙafa. Wani zai ce ai launi ya wadatar. Ina! Tsaka ɗaya takan yi fari-fari da dare, ta yi duhu da rana. Shi ya sa masu tantance hotunan dabbobi suke neman hoton ƙafa daga kusa, tare da sunan wurin da aka ɗauke shi.