Rikicewar Al'ada da Gwajin Sukari: Jan Hankali ga Matan Garin Lafiya

Da yawa daga cikin matan da ke zuwa asibiti a garin Lafiya da kukan rikicewar al'ada, neman haihuwa ne ke kawo su. Wata sai ta yi wata uku ba ta ga jini ba, ga kuraje a fuska, ga gashi ya tsiro a haɓa. Idan aka yi sikanin aka ga ƙananan ƙulle-ƙulle jere a ma'ajiyar ƙwanta, likita ya ce PCOS ce. Tun 1935 likitoci biyu a Chicago ta Amurka, Stein da Leventhal, suka bayyana wannan lalura, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa. Abin da wannan takarda ke son mai karatu ya riƙe shi ne, hoton sikanin rabin labari ne. Sauran rabin yana cikin jini.

Ga dalili. A jikin yawancin masu wannan lalura, sinadarin insulin mai shigar da sukari cikin tsoka ba ya yin aikinsa yadda ya kamata, sai jiki ya riƙa ƙara yawansa. Wannan rarar ce ke zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima, ta kuma sa hanta ta rage furotin da ke ɗaure shi. Daga nan gashin haɓa da tsayawar ƙwai suke. Kuma hanyar nan ita ce mai kai wa ga ciwon sukari, hawan jini da taruwar kitse a jini. Jiki kan yi ishara: bayan wuya da hammata su yi baƙi, fatar ta yi kauri da laushi. Mata da yawa kan ɗauka dauɗa ce, su yi ta dirza da soso ko shafa man bilicin, alhali ba wanka ne ya gaza ba.

Saboda haka ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta 2023 kan kula da PCOS ta ce a auna sukari da kitsen jini tun ranar da aka gano lalurar. Gwajin da ya fi inganci shi ne mace ta zo da safe ba ta karya ba, a ɗebi jini, ta sha ruwa mai sukari giram 75, a sake ɗiba bayan awa biyu. Idan sakamakon na biyun ya kai 7.8 mmol/L, ta shiga haɗari. Idan ya kai 11.1, ciwon sukari ne. Akwai gwajin HbA1c mai sauƙi, wanda ba ya buƙatar zama da yunwa, amma sikila da ƙarancin jini suna iya karkatar da sakamakonsa, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a ƙasar nan.

Wani zai ce, ai matarsa siririya ce, me ya haɗa ta da ciwon masu ƙiba? Ƙiba tana tsananta lalurar, gaskiya ne, amma ana samun gazawar insulin har a jikin marasa jiki, don haka ƙa'idar ba ta ware kowa ba. Abin tsoro ma shi ne siririyar da ke shan "sha ka fashe" don ta yi jiki, domin wasu ƙwayoyin irin su dexamethasone ne, masu ɗaga sukari. Wani kuma zai ce kuɗin gwaji ya yi yawa, gara a sayi maganin haihuwa kai tsaye. Kukan kuɗi gaskiya ne, ba a raina shi. Sai dai macen da ta ɗauki ciki da sukari a sama ba ta sani ba, ta fi fuskantar ɓari, da hawan jinin ciki, da jariri mai girman da ke kai wa ga tiyata.

Haihuwa kuma ba ta sallamar mace daga lalurar. Ana son a maimaita gwajin sukari duk shekara ɗaya zuwa uku, a auna hawan jini duk shekara. Mai ƙiba idan ta rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinta, sau da yawa al'ada kan daidaita. A garin doya da shinkafa irin Lafiya, ba cewa aka yi a bar sakwara ba: a rage malmala, a yawaita miyar ganye da wake, a bar lemon kwalba, a yi tafiyar ƙafa. Idan hakan bai wadatar ba, likita na iya ƙara metformin.