Ɗana Ya Girma, Wa Zai Riƙe Shi Bayan Raina?

Wata mai sauraro daga Bukkuyum ta ce ɗanta mai lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, ya kai shekara 17. Tana tambaya ko gubar dalma ce sila, kuma yaya zai tsaya da ƙafarsa.

To Hajiya, Allah ya ƙara haƙuri. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta da Bagega ta kashe yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar wasu da suka rayu. Amma galahanga daban take, gado na da hannu sosai a cikinta. Likita ne zai bambance, a Asibitin Tarayya na Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato.

Ki daina yi masa abin da zai iya yi da kansa, ko da zai ɓata lokaci. Wanka, sa riga, wanke kwanonsa. Ki aike shi wurin mai shago ɗaya, a lokaci ɗaya kullum, da kuɗi daidai a hannu, har ya saba. Masu wannan lalura na son abin da ba ya canzawa, shi ya sa kiwon awaki ko ɗinkin hula kan karɓe su. Hayaniyar ranar kasuwar Gummi za ta iya rikita shi, a kai shi da sassafe. Don Allah kada a tura shi daka duwatsun zinare, saboda gubar dalma.

Tun yanzu ki zaunar da yayyensa da kawunansa, a san wanda zai tsaya masa, kuma shi ma a tambaye shi wa yake so.