Yadda Ake Auna Sararin da Ke Tsakanin Ƙwayoyin Yashi

Ruwan da rijiyar burtsatse ke fitarwa galibi yana maƙale ne a 'yan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, haka ma ɗanyen mai a cikin dutsen yashi. Don sanin yawan waɗannan gurabe, masana kan ajiye yashin gefe, tunda kowace ƙwaya da irin siffarta, su gina samfuri da ƙwallaye masu girma ɗaya.

Da farko a samo 'ya'yan boris masu yawa da babban mazubi wanda aka san adadin ruwan da yake ci. A cika mazubin da su, ana bubbuga shi har su daina sauka. Sai a tsiyaya ruwa a hankali har ya kai bakin mazubin, a rubuta adadinsa. Ruwan nan shi ne ma'aunin sararin, kuma yakan tashi kusan kashi 36 cikin 100 na abin da mazubin yake ci.

Daga nan a gwada jeri na hannu. Idan kowace ƙwallo ta hau kan 'yar'uwarta daidai, sararin zai kai kashi 47.6. Idan kuwa aka sa ta a ramin da uku na ƙasa suka bari, yadda mai lemo ke jera hajarsa, zai sauka zuwa kashi 26. Graton da Fraser sun yi wa masana duwatsu wannan lissafi a 1935. Tun 1611 Kepler ya ce babu jerin da ya fi na biyun matsewa, amma sai a 1998 Thomas Hales ya kawo hujjar lissafi.

Sai ƙirga maƙwabtan da kowace ƙwallo ke taɓawa. A 1960, a Landan, Bernal da Mason sun kwarara fenti cikin tarin ƙwallaye da aka zuba kara-zube, suka tsiyaye shi, suka bari ya bushe. Duk inda biyu suka haɗu fenti ya bar tabo. A jerin Kepler kowace ƙwallo na taɓa 12, a zubin kara-zube kuwa kimanin shida. Burin Bernal shi ne fahimtar zaman ƙwayoyin zarra a cikin abu mai ruwa-ruwa.

A ƙarshe a kai samfurin cikin kwamfuta. A 1970 John Finney ya fitar da matsayin ƙwallaye kusan 8,000 ɗaya bayan ɗaya. Da irin waɗannan alƙaluma ake kumbura kowace ƙwallo kaɗan-kaɗan, a kwaikwayi ma'adinan da ke liƙe yashi ya zama dutse, sannan a lissafa saurin ratsawar ruwa.

A kula da abu biyu. Girman ƙwallo ba ya sauya kason sarari, faɗin hanyar ruwa yake sauyawa. In kuwa aka gauraya manya da ƙanana, ƙananan za su cike guraben. Shi ya sa mai haƙar rijiya ya fi murna da yashi mai tsabta, mai ƙwayoyi kai ɗaya, a kan wanda ya cakuɗe da laka.