Darasin Kare Kai: Aikido, Wasan da Ake Fara Koyo da Faɗuwa

Darasinmu na wannan fitowa a kan aikido ne, wani wasan kare kai na ƙasar Jafan, da abin da zai amfane mu da shi a nan Ƙala'at an-Nahal.

Wanda ya kafa shi sunansa Morihei Ueshiba. An haife shi a 1883, ya rasu a 1969. Ya yi soja, ya koyi dabarun faɗa na gargajiyar ƙasarsu, daga baya ya tsara nasa salon, wanda aka laƙaba wa suna aikido a 1942. Babbar makarantarsa tana birnin Tokiyo har yau, a hannun zuriyarsa.

Mu kokawa muka sani. Wanda bayansa ya taɓa ƙasa an ka da shi, sai ya tashi yana kakkaɓe ƙura ana masa ihu. A makarantar Ueshiba kuwa babu gasa, babu kambu. Mutum biyu ne ke atisaye, ɗaya ya kawo hari, ɗaya ya goce ya kai shi ƙasa, sannan su yi musaya. Ke nan rabin lokacin ɗalibi a faɗuwa yake tafiya, shi ya sa ita ake fara koya masa.

Wannan kuwa ya shafe mu kai tsaye. Kowa ya san baƙar ƙasar Gadarif in damina ta sauka: laka mai santsi kamar an zuba sabulu. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, kuma mata da yara ne suka fi ɗaukar ta. In santsi ya kwashi mutum, abin da jiki ke fara yi shi ne miƙa hannu a sandare don ya tokare ƙasa, kuma a nan ake samun targaɗe ko karaya a wuyan hannu. Masu aikido suna horar da jiki ya bar wannan ɗabi'a. In ka ji za ka faɗi ta baya, saki kayan da ke hannunka, lanƙwasa gwiwa ka yi ƙasa kamar za ka zauna, manna haɓa a ƙirji don ƙeya kada ta bugu, ka lanƙwasa baya ka mirgina. Ruwan da ya zube ana sake ɗebowa. A gwada a kan tabarma ko yashi mai laushi, daga tsugune tukuna, sai jiki ya saba a tashi tsaye. Mai juna biyu, da tsoho, da mai ciwon baya kada su gwada.

Abu na biyu na 'yan mata da mata ne musamman, masu zuwa itace ko masu fita banɗaki da dare. In wani ya damƙe miki wuyan hannu, kada ki ja da baya, don ya fi ki ƙarfi a ja-in-ja. Duba inda babban yatsansa ya haɗu da sauran yatsun; nan ne riƙon ya fi rauni. Murɗa hannunki ta wannan kafa, gwiwar hannunki tana kusa da jikinki, ki juya da jikinki gaba ɗaya. Da kin kuɓuta, ki yi ihu ki gudu wurin jama'a. Ki gwada da 'yar'uwarki sau da yawa a hankali, domin ranar tsoro abin da jiki ya saba da shi kawai yake tunawa.

Sai samari. A aikina na tafinta a ofishin kariya nakan fassara ƙarar faɗan da ya faro daga layin ruwa ko layin rabon abinci, kuma sau da yawa mafarinsa ture ne aka rama da ture. Dabarar aikido ita ce in an turo ka, ka matsa gefe taku ɗaya ka juya, ƙarfin mai turin ya wuce da shi. Kai ba ka faɗi ba, ba ka kuma daki kowa ba, balle a kai ka gaban 'yan sanda.

A yi hattara dai. Ƙwarewa a aikido tana cin shekaru a hannun malami, kuma murɗe gaɓoɓi da ake gani a bidiyon waya yana iya karya hannun abokin wasa. A bar shi. In mai hari yana riƙe da wuƙa ko bindiga kuma kaya yake so, a ba shi kayan.

Duk wanda aka tare, ko aka damƙe, ko aka yi wa barazana, ko da ya kuɓuta lafiya, ya zo teburin kariya ya faɗa. Ana sauraro a asirce, mace kuma tana da damar ta nemi mace ta saurare ta. In an ji rauni ko an ci zarafin mutum, a fara zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba, don maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai a cikin awa 72 yake aiki.